Zafin Jikin Malam Ƙanƙara

A duk kamfanin zanen gidajen nan ɗaki ɗaya ne yake da esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai aiki, kuma ba don ɗan Adam aka kafa shi ba. Don kwamfuta aka kafa shi. Babbar kwamfutar da ake zana taswirar gini da ita tana da wata lalura tun tana sabuwa: da zarar an ɗora mata aiki mai nauyi sai jikinta ya ɗau zafi, fankarta ta hau kuka kamar an taka wa kyanwa wutsiya, can sai allo ya yi ɗif, aikin yini guda ya bi iska. Masu gyara suka duba suka ce sanyi take so. Aka ware mata ɗan ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda, aka kafa mata esi. Tun da kuwa kwamfuta ba ta zane da kanta, dole aka haɗa ta da mai jinya.

Mai jinyar shi ne mai zanen kamfanin, mutum mai matsakaicin shekaru da matsakaicin tumbi, wanda abokan aiki suke kira Malam Ƙanƙara. Sunan bai taɓa damunsa ba. Yana zuwa aiki da suwaita a jaka a tsakiyar lokacin zafi, kuma ba ya sa ta sai a bakin ƙofar ɗakinsa, a hankali, hannu ɗaya bayan ɗaya, inda mutanen babban ɗaki za su gan shi da kyau suna fifita da fayil. Wani lokaci ya leƙo da rana tsaka ya tambayi ko akwai mai ragowar ruwan zafi, wai yatsunsa sun ƙage. Akanta, wanda teburinsa ke ƙarƙashin wata fankar sama mai juyawa kamar tana jin barci, ya sha yin alkawarin wata rana zai jefe shi da abin huda takarda.

Malam Ƙanƙara bai taɓa yi wa kwamfutar fatan mutuwa ba. Amma in za a faɗi gaskiya, bai taɓa yi mata fatan samun sauƙi ba.

Sai esin ofishin Manaja ya mutu, mutuwar da masu gyara suka ce ba tashi. Daga ranar Manaja ya soma nuna sha'awar zane irin wadda ba a san shi da ita ba. Ya shigo ɗakin sanyi ya tsaya daidai bakin esi, ya ɓalle maɓallin wuya, ya ce a nuna masa taswirar bayan gidan asibitin nan. A nuna masa. Ya ce a sake nuna masa ta gefe.

"Wai Malam," in ji shi wata rana, idonsa a lumshe, "wannan ciwon na kwamfuta ba shi da magani ne?"

"Ranka ya daɗe, ciwon haihuwa ne. Da shi ta zo."

"Ba kai ne kake ba mu labarin ƙanwar matarka ba? Injiniyar nan da ka ce babu na'urar da ta taɓa gagararta?"

Shi ne kuwa. Ya sha ba da labarin, har da ƙari, don a san irin gidan da ya yi aure. Ya tsaya yana neman hanyar da zai rage wa yarinyar mutane daraja ba tare da ya ƙaryata kansa ba, bai samu ba.

"Kira mana ita," in ji Manaja. "In kwamfutar ta iya aiki ba esi, sai a kwance shi a kai ofishina. Kai ma ka huta da mura."

Manaja bai jira shi ba, ya karɓi lambarta ya kira da kansa. Da yamma Malam Ƙanƙara ya tarar da Injiniya a gidansa, ta kawo wa yayarta ziyara, ta miƙe ƙafa a kujerar da ya fi so. Mace ce mai shagon kanta da ma'aikatanta, amma a gidan nan har yanzu ita ce ƙanwar da ba ta ganin girman mijin yaya.

"Yaya, ashe kai ka haɗa ni da Manajanku? Allah ya saka. Ban san kana ƙaunata haka ba."

"Ai shi ne nake so mu yi magana." Ya jawo kujera ya rage murya. "Kin san wani ciwon, in aka matsa masa da magani, sai ya zama wani abu. Ki dai duba ta, ki share mata ƙura, ki ce a ci gaba da haƙuri."

"Kin ji shi ko, Yaya babba?" ta ɗaga murya zuwa kicin. "Mijinki yana so in kashe sunan shagona don kada ya yi gumi."

Matarsa ta leƙo da ludayi a hannu. "Gyara musu ita tas. Mutumin da ke dawowa gida yana ce mana ɗakinmu kamar gidan burodi? Ya ɗanɗana abin da 'yan Adam ke ɗanɗanawa."

"Maman yara, da ke ake haɗa baki a kaina?"

"Ni ce shugabar taron."

Injiniya ta zo ofis da safe ɗauke da kwali. Ta kwantar da akwatin kwamfutar a kan tebur, ta kwance murfin gefe, ta nuna wa Manaja da Akanta wani ɗan ƙarfe mai fanka a kai, wanda ƙura ta yi wa bargo.

"Ga mai laifin. Ƙarƙashinsa ƙwaƙwalwar kwamfutar take, ita ce ke ɗaukar zafi in tana lissafi. Aikin wannan ya tsotse zafin. To kun ga girmansa. Kamar a ba ɗan tsako dakon buhu ne."

Ta cire shi, ta goge wurin, ta ɗiga wani mai launin toka kamar ƙwayar wake. Sannan ta buɗe kwalin ta fito da sabon. Malam Ƙanƙara, da yake zane ne sana'arsa, bai san lokacin da ya yaba a zuci ba. Abin ya yi kama da dogon bene: farantai sirara na farin ƙarfe an jera su hawa-hawa, bututun jan ƙarfe sun taso daga ƙasa sun ratsa su kamar ginshiƙai, ga fanka mai faɗin tafin hannu biyu a manne a gefe. Kyakkyawan gini ne. Bai taɓa tsanar gini irin haka ba.

"Lagireton mota ke nan," in ji Akanta.

"Ɗan'uwansa ne, sai dai shi ba ruwa. Bututun nan su ɗauko zafi daga ƙasa su raba wa farantan, fanka ta hura iska ta tsakaninsu ta kwashe. Ba ya ƙirƙirar sanyi, kwashe zafi kawai yake. In dai iska za ta shiga ta gaban akwatin ta fita ta baya, ya gama aikinsa, ko da esi ko babu."

Kowa ya ji bayanin. Malam Ƙanƙara kuwa kalma huɗu ya ji: in dai iska za ta shiga. Da ya sake ƙirgawa ya ga sun fi huɗu, amma ba lissafi ne a gabansa ba.

Ta ɗaure komai, ta mayar da akwatin mazauninsa a ƙarƙashin tebur, daidai inda gwiwar mai zama take. Ta sa wata lamba ta fito a kusurwar allo.

"Wannan zafin ƙwaƙwalwar ne. In ya tsaya wajen sittin, lafiya lau. In ya doshi casa'in, to na faɗi jarrabawa. Yaya, ɗora mata aikin da ya fi kowanne nauyi. Ranka ya daɗe, a kashe esi."

Manaja da kansa ya danna. Esin ya ja wani dogon numfashi ya yi shiru, Malam Ƙanƙara ya taya shi.

Ya buɗe zanen babban otal ɗin nan mai hawa da yawa, wanda ko sunansa aka ambata a da sai kwamfutar ta suma. Ya sa ta fito da shi da inuwa da gilashi da itatuwa, har da motoci a harabar da ba wanda ya nema. Lamba ta hau, ta kai sittin da biyu, ta zauna. Ya ƙara mata ruwan wanka a saman otal. Sittin da uku. Fankar ko tari ba ta yi ba.

"A bar ta ta yi ta yi," in ji Injiniya. "Gwajin gaskiya sai ɗaki ya ɗumama."

Suka fita shan shayi a ofishin Manaja, suka bar shi da marar lafiyar da ta warke ba da izininsa ba.

Ɗakin ya soma ɗumi. Ya ji wani abu yana gangarowa ta bayan kunnensa, ya taɓa, ya duba yatsansa. Gumi ne. Sun daɗe ba su haɗu a wurin aiki ba. Ya tuɓe suwaita, ya rasa inda zai ajiye ta, ya shimfiɗa ta a cinya. Shi dai har gobe zai iya rantsewa cewa a cinya ya shimfiɗa ta. In rabinta ya zubo ta kan gwiwa ya rufe ramukan gaban akwatin ruf, ai suwaita ce, ba ta da ƙashi. In kuma gwiwarsa ta matsa ta danne ta, to ƙarƙashin teburin ne ba fili.

Sittin da takwas. Saba'in da ɗaya. Fankar da ke ta kawaici ta soma gunaguni. Malam Ƙanƙara ya ji wani tausayi ya kama shi, irin na mai jinyar da ya ga majinyacinsa ya dawo gado. "Sannu," ya ce mata a hankali. "Daure."

Da suka dawo lamba tana tamanin da huɗu, fanka tana ihu.

"Ranka ya daɗe, ga abin da nake gudu," ya ce, da muryar ta'aziyya. "Ban so in faɗa a gaban ƙanwata ba."

Manaja ya ɓata fuska. Injiniya ta ƙura wa lambar ido, ta sa hannu a bayan tebur ta ji iskar da ke fita.

"Ba daidai ba ne. Yaya, tashi in duba."

Ya tashi. Da yake ba zai bar shaida a wurin ba, ya tashi da suwaitarsa a dunƙule a hannu, yana goge wuya da ita. Injiniya ta durƙusa ta leƙa. Ba waya a kwance, ba abin da ya toshe. Tana nan durƙushe fankar ta sassauta, lamba ta soma gangarowa kamar mai saukowa daga bene: tamanin, saba'in da biyar, saba'in. Kafin ta miƙe ta karkaɗe gwiwa an koma sittin da 'yan kai.

"Me kika taɓa?" in ji Manaja.

"Ban taɓa komai ba."

"To Malam, koma ka ci gaba."

Ya koma ya zauna, ya ja kujera ciki sosai, ya ajiye suwaita a cinya kamar kowane mutum mai suwaita. Suna tsaye a bayansa su uku, teburin ya rufe musu komai daga cikinsa zuwa ƙasa. Aka zuba wa kusurwar allo ido. Ba a jima ba lamba ta ɗaga kai.

"Ikon Allah," in ji Akanta. "Ranka ya daɗe, a ce ya sake tashi."

"Tashi, Malam."

Ya tashi. Ta sauka.

"Zauna."

Ya zauna. Ta hau.

Manaja mutum ne da ya yi kimiyya a sakandare kuma bai taɓa samun inda zai yi amfani da ita ba sai yau. Idonsa ya kawo haske. Ya naɗe hannun riga.

"A bincike ba a yarda da mutum ɗaya. Akanta, zauna."

Akanta ya zauna a kujerar da ya yi shekaru yana mafarkinta, ya jingina, ya ɗan juya hagu da dama don ya ji daɗin tayoyinta. Aka jira. Sittin da uku, ko gezau.

"Ni ba ta da matsala da ni," ya ce. "Dama ni ban taɓa yi wa kowa baƙin ciki ba."

Manaja ya tashe shi ya zauna da kansa, ya dafa tebur da hannu biyu kamar mai jiran sakamakon asibiti. Sittin da biyu.

"Har ragewa ta yi," ya ce a hankali, kuma a fili yake abin ya taɓa masa zuciya. Ya miƙe. "Malam, bismilla. Na ƙarshe."

Tsakanin inda yake tsaye da kujerar ba nisa, amma Malam Ƙanƙara ya yi tunani mai yawa a hanya. In ya zauna ya bar suwaita a hannu, lamba za ta tsaya cak, a ce ɗazu kuskure ne, a tafa wa Injiniya, gobe masu kwance esi su zo da tsani. In ya rufe, lamba za ta hau, kuma ba manajan da zai cire esi daga ɗakin da kwamfuta ke tamanin da wani abu. Lissafin a bayyane yake. Ya ɗaga ido, suka haɗa da na Injiniya. Ba allo take kallo ba. Suwaitar take kallo, sannan shi, sannan ta girgiza kai kaɗan, irin girgizawar da yayarta ke yi masa in zai faɗi abin da bai kamata ba a gaban baƙi. Bai taɓa jin wannan gargaɗin a gida ba, bai ga dalilin farawa a ofis ba.

Ya zauna. Ya rufe. Ya danna da gwiwa biyu.

Tamanin da bakwai.

"To, Injiniya," in ji Manaja, "ke ce masaniya. Ƙarfen naki ne bai yi ba?"

Malam Ƙanƙara ya ga tana auna abu biyu, sunan shagonta da mutuncin mijin yayarta, ya kuma ga ba ta da niyyar zubar da ko ɗaya.

"Ƙarfena lafiyarsa ƙalau, ranka ya daɗe, ka gani da idonka. Abin da zan iya cewa, duk lokacin da Yaya ya zauna kusa da ita, ba ta samun iska."

"Me ya sa?"

"Wannan kuma sai a tambaye shi. Ni na'ura na karanta."

"Zafin jiki ne," in ji Akanta. "Shekara nawa yana tara sanyi a waje, zafin yana taruwa a ciki? Ai dole ya nemi hanyar fita."

Manaja ya kai bayan hannunsa goshin Malam Ƙanƙara. Goshin kuwa ya ba da haɗin kai, don a jiƙe yake sharkaf.

"Malam, kana jin jiri?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Hawan jini fa?"

"Kaɗan. Yau ya fara."

Manaja ya yi zagaye ɗaya a ɗakin, wanda a ɗaki irin wannan juyawa ce kawai. Ya tsaya.

"Na yanke shawara. Esi ba zai motsa daga nan ba."

Malam Ƙanƙara ya sunkuyar da kai don kada a ga bakinsa. Ya soma shirya kalmomin godiya masu nuna cewa shi ba don kansa ba.

"Kwamfutar nan ita ce kamfanin, ba zan yi caca da ita ba. Ta zauna a sanyinta, ga sabon ƙarfe, ƙarfi biyu. Kai ne za ka tashi."

"Na'am?"

"Ba ta jure ka, Malam. Mun gwada, kowa ya shaida. Wa ya sani ma ko tun farko ba ita ce marar lafiyar ba? Injiniya, za a iya barin akwatin a nan, a ja waya, allo da kibod su koma waje?"

"A huda bango kawai," ta ce, tana kallon silin.

"Madalla. A sa masa tebur a baranda, jikin bangon nan. Wurin da ya bari kuma ba za a bar shi haka ba, dole wani ya riƙa sa mata ido." Ya yi ajiyar zuciya irin ta mai ɗaukar nauyin jama'a. "Tun da ta nuna ni jinina ya haɗu da nata, sai a shigo da teburina."

Akwai magana ɗaya da za ta rushe wannan duka, kuma tana nan a cinyarsa, an saƙa ta da ulu. Malam Ƙanƙara ya duba ta. Ya hango kansa yana bayani, ya hango Akanta yana maimaita bayanin a babban ɗaki da murya iri-iri har ranar da zai yi ritaya. Tsakanin a ce masa mai zafin jiki da a ce masa abin da yake, ya ga na farkon ya fi kama da lalura, ana ma iya yi masa sannu.

"Yadda ka gani, ranka ya daɗe," ya ce.

A bakin ƙofa Injiniya ta rage murya. "Na girgiza maka kai."

"Na ɗauka wuyanki ke ciwo."

"Da ka bar ta, da esi kawai za ka rasa. Yanzu har ƙofa."

"Za ki faɗa wa yayarki?"

"Haba Yaya. Ni da zan ci amanarka?" Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Sai na ci abinci tukuna."

Washegari mai huda bango ya zo da injinsa. Ya tarar da Malam Ƙanƙara zaune a sabon teburinsa a baranda, tsakanin kwandon shara da tagar da rana ke shigowa ta cikinta ba sallama, hannun rigarsa a naɗe, da fayil a hannu yana koyon fifita. Daga babban ɗaki Akanta ya leƙo ya tambaye shi ko yana bukatar ruwan zafi.

Mai huda ya auna wayoyin da yatsa, ya zaɓi bakin ƙarfe siriri, ya huda. Da ya zare injin, wani ɗan zaren iska mai sanyi ya biyo ramin ya sauka a kan hannun Malam Ƙanƙara. Ya dubi hannun. Ya dubi ramin.

"Maigida, wannan ramin bai yi ƙanƙanta ba?"

"Wayoyin za su wuce har da saura."

"Na yau za su wuce. Kamfanin nan girma yake yi. Gobe a ce a ƙara waya, a sake kiranka, ka sake hawo bene da wannan nauyin? Ƙara shi kaɗan."

Mai huda ya sauya baki ya ƙara.

"Kaɗan kuma. Ka ɗan ɗaga shi sama, daidai nan." Ya nuna gefen wuyansa.

Mutumin ya sauke injin ya dube shi sama da ƙasa. "Alhaji, waya ce za ta wuce ko kai?"

Daga cikin ɗakin muryar Manaja ta biyo ramin, a sake, kamar ta wanda ya tashi daga barci mai daɗi. "Malam, kana kusa da bangon nan ne? Na ga ta ƙara ɗaya."

Malam Ƙanƙara ya ja kujerarsa baya kaɗan.